Gaɓar Kogin Kaduna: Yawon Fadama da Kuɗin Keke

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a jaridarka domin mu yi magana a kan fadamar Kogin Kaduna. Ba a cika tunawa da ita ba sai ruwa ya ci gidaje a Kigo Road ko Kabala ko Nasarawa, kamar yadda aka gani a 2003 da 2012, daga nan kuma shiru har wata daminar. Alhali da rani wannan gaɓa wuri ne da mutum zai taka ya motsa jini, ya sha iska, ya nuna wa yaransa balbela da zalɓe da kirinjijiya ido da ido, ba sai yana da motar kansa ba. Kuɗin bas ko na Keke Napep ya isa.

Wanda bai taɓa zuwa ba ya fara da Ƙofar Gamji, wato wurin shaƙatawa na Janar Hassan Usman Katsina. Keke daga Kasuwar Sheikh Gumi zai kai shi, ya ce wa direba wajen Kwalejin 'Yan Sanda. Akwai inuwa, akwai jama'a, ga gadar ƙafa ta Lugard da aka gina a Zungeru a 1904 kafin a ɗauko ta zuwa Kaduna. Wanda ƙafarsa ta saba kuma ya hau bas mai zuwa Kawo, ya sauya keke zuwa Rafin Guza, ko ya shiga ta Malali ko Unguwan Rimi ya gangara bakin ruwa. A nan ne ainihin fadama take: lambunan latas da kabeji da albasa, injinan ban ruwa suna ta kuka, da ƴan siraran hanyoyin da masu lambu da masunta suka taka har suka yi ƙarfi. Ɓangaren da ke ƙasa da Kakuri da Makera ba mu ba da shawararsa ba, saboda magudanan ruwan masana'antu da na unguwanni da ke zuba a wajen. Madatsar ruwa ta Kangimi da ke Ƙaramar Hukumar Igabi tana da faɗin ruwa da tsuntsaye fiye da cikin gari, ana bin Maraban Jos a kama hanyar Jos, amma duk wurin da ya fita daga gari kada a je sai an tambayi direbobin tasha da mutanen wurin halin tsaro a ranar, kuma a tafi a ƙungiya.

Lokaci shi ne rabin aikin. Daga Nuwamba zuwa Maris ƙasa ta tsane, ciyawa ta kwanta, kuma a nan ne tsuntsayen da ke gudun sanyin Turai suke sauka a fadamun ƙasar nan. Daga Yuli zuwa farkon Oktoba kuwa a haƙura da gaɓar gaba ɗaya. Kogin nan daga tsaunukan Filato ya taso, don haka yana iya cika cikin ƴan sa'o'i ko ɗigon ruwa bai sauka a Kaduna ba. Idan ruwan ya koma ja, yana ɗauke da karare da kumfa, ko ka kafa tsinke a bakinsa ka ga ya nutse cikin minti goma sha biyar, to ka hau tudu. A fita da sassafe, bayan asuba da gari ya waye, a dawo kafin sha ɗaya. Tsuntsaye a lokacin suke kiwo, rana kuma ba ta yi zafi ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne auna tafiyar fadama da ta kwalta. A kan titi mutum yana cin kilomita huɗu zuwa biyar a awa, amma a fadama da kyar ya ci biyu, saboda kewaye kwalbatoci da tsallake bututun ban ruwa da neman wurin taka ƙafa. Wanda ya ware awa uku, to kilomita biyar zuwa shida ke nan zuwa da dawowa, kuma ya juya da zarar rabin lokacinsa ya cika, ko da wurin da yake hange ya yi kusa.

Ita ƙasar ma sai an iya karanta ta. Lakar da ta bushe a sama ta tsattsage tana yaudara: ɓawon bai wuce kaurin yatsa biyu ba, ƙarƙashinsa taɓo ne da zai haɗiye ƙafa har gwiwa. Inda kachalla ta yi duhu, ko kainuwa da bado suka rufe fuska, akwai ruwa a ƙasa ko ba a gan shi ba. Inda sawun shanu ya lotsa ya cika da ruwa, wurin bai ɗauki nauyi ba. Abin bi shi ne kunyar lambu da hanyar da aka riga aka taka, da sanda mai tsawon ƙirji a hannu ana dungura gaba kafin a taka. Idan ƙafa ta kafe, kada a fizge ta da ƙarfi, domin fizgar ce ke sa ɗaya ƙafar ta nutse, takalmin kuma ya zauna a ciki. A kwantar da sandar a ƙasa, a jingina nauyin jiki a kanta, a riƙa juya dunduniya a hankali har iska ta shiga lakar ta saki. Wuraren da masu tifa ke ɗibar yashi sun fi ko'ina haɗari, saboda ramukan da suke bari a ƙarƙashin ruwa: taki ɗaya ruwa na idon sawu, taki na biyu ya shanye mutum. Ruwan da ke gudu ya kai gwiwa ba a ƙetare shi da ƙafa. A nemi mai kwale-kwale, kada kuma a shiga wanda aka cika maƙil.

Silifas ba takalmin fadama ba ne. A sa takalmin roba mai tsawo irin na masu lambu, ko kambas mai igiya da safa, da dogon wando a cusa ƙafarsa cikin safar. Ruwan sha kamar rabin lita ne a kowace awa, wato leda ɗaya ta fiya wata, kuma ledar ta koma aljihu. Hula, waya mai caji a cikin leda, da canji na ƙananan kuɗi, domin mai keke a bakin fadama ba lallai ya karɓi tiransifa ba.

Abin da ya fi damun mu shi ne tsargiya, don ba a ɗauke ta a bakin komai ba. Ƙwayar cutar tana fitowa daga ƙananan katantanwa da ke zaune a ruwan da ba ya gudu sosai, ta huda fata ta shiga jiki ba tare da an ji ba, kuma ta fi yawa a ruwa da tsakar rana, daidai lokacin da zafi ke sa yara su faɗa wanka. Fitsarin jini ba ya bayyana sai bayan makonni ko watanni, lokacin an manta da yawon. Don haka ba wanka, ba alwala da ruwan kududdufi. A riƙe na alwala daga gida. Wanda ruwan ya taɓa ya goge jikinsa da tsumma nan take, idan kuma ya ga alama ya je asibiti a gwada fitsari, akwai magani mai suna praziquantel. Matsattsaku kuwa ba a fizgarsa, farce ake zurawa a ƙarƙashin bakinsa a ture, a wanke wurin a danne har jini ya tsaya. Macijiyar nan kasa ba ta gudu idan ta ji motsi, kwanciyarta take yi a kan hanya, shi ya sa ake buga sanda a ciyawa. Idan tsautsayi ya faɗa ta sari mutum, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A cire zobe da agogo, a hana mutumin tafiya da ƙafarsa, a ɗauke shi zuwa babban asibiti.

Fadamar nan kuma tana da masu ita. Kowace kunyar lambu gumin wani ce. A yi sallama, a tambayi mai lambu ta ina za a bi, kada a taka bututu, kada a ɗaga kyamara a kan mata masu wanki ko gidajen mutane. Ƙungiyar da ta wuce mutum goma ta fara gaida mai unguwa ko sarkin ruwa. A sayi latas ko tumatir a hannunsu, gobe su ne za su nuna maka inda ƙasa ta rufta. Batun dawowa ma a shirya shi tun a zuwa: keke yana kai mutum bakin fadama cikin sauƙi, samun na komawa ne wuya, sai a karɓi lambar direban ko a san tazarar babban titi.

Roƙonmu ga gwamnatin jiha, musamman hukumar kare muhalli ta KEPA da hukumar tsara birane ta KASUPDA, ba mai tsada ba ne. Ba siminti muke nema a zuba a gaɓa ba, don fadama ita ke shanye ruwan da zai shiga gidaje, kuma duk ginin da aka dasa a cikinta wata unguwar yake tura wa ambaliya. A zauna da masu lambu da masunta a fitar da hanya biyu ko uku tsakanin Rafin Guza da Gamji, a kafa turaku masu fenti duk bayan mita ɗari biyu, a shimfiɗa katako a wuraren taɓo, a sa allo da Hausa da ajami a kowace mashiga mai nuna tsawon hanya da watannin da take rufe. A hana juye shara a bakin ruwa, a sa alamar haɗari a ramukan yashi, a kuma ba matasan unguwannin aikin rakiya da ɗan abin hasafi. Ku ma, Malam Edita, ku tura wakilinku ya taka gaɓar a watan Disamba ya rubuto abin da ya gani.

Wassalam.

Daga wasu masu sha'awar fadama da tsuntsaye,
Unguwan Rimi, Kaduna