Makirufo a Hannu Ɗaya, Kwantiragi a Ɗaya

Assalamu alaikum Hajiya. Ina gaishe ki da aiki, Allah ya ƙara basira.

Ni 'yar jarida ce a nan Yamai, ko in ce na taɓa zama, don a kan wannan ɗin ne ma na rubuto. Na gama makarantar koyon aikin jarida ta IFTIC a 2013, na shiga wani gidan rediyo mai zaman kansa, aka ba ni shirin mawaƙa da 'yan fim na ranar Asabar. Shekara goma ina yawo da rakoda tsakanin gidan al'adu na CCOG da zauren taro na Palais des Congrès, ba wasan da ake yi ban leƙa ba. Suna kam na yi shi. Albashi kuwa wani lokaci sai a haɗa wata uku ba a gan shi ba.

Farkon 2023 na ce wahalar ta isa. Na sayar da filina na gado, na je ofishin rajistar kamfanoni na Maison de l'Entreprise na yi rajista, na karɓi lambar haraji ta NIF, na kama ɗan buro a Wadata. Aikina shirya wa mawaƙa taron manema labarai, nemo masu ɗaukar nauyin wasa, kula da shafukansu na Facebook da TikTok, da raka su BNDA, hukumar kare haƙƙin mawaƙa da marubuta, su yi rajistar waƙoƙinsu. Ban cika wata shida ba takunkumin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ya faɗo, wuta ta yi wuya, kamfanoni suka ɗaure bakin jaka. Da ƙyar na sha. Yanzu dai alhamdu lillahi, mawaƙa huɗu ke hannuna da yara biyu da nake biya.

To Hajiya, ban bar shirin Asabar ba. Darakta ya roƙe ni in ci gaba, ba albashi, amma in sa wanda na ga dama. Ni ma na san shirin ne jarina, saboda shi mawaƙan nan suka sa mini hannu a kwantiragi. Da farko na yi wa kaina ƙa'ida, waƙar mutanena ɗaya tak a kowane mako. Yau in na duba takardar shiri sai in ga uku. Wata waƙar ma, tsakani da Allah, da a da ne ko minti ɗaya ba za ta yi a kunnena ba, amma na yabe ta da bakina.

Makon jiya ina fitowa, wani yaro ya tare ni a bakin ƙofa, takalminsa duk ƙura, ya ce daga Talaje ya tako. Ya miƙo mini waƙarsa a ɗan kile na USB, ya sunkuyar da kai ya ce, "Tanti, nawa ne yanzu?" Ba da rashin kunya ya faɗa ba, farashi yake tambaya kamar mai sayen tumatir a Katako. Na karɓa na ce kyauta ne, amma na kwana ban runtsa ba. Ga kuma ambulan. Da ni ake miƙa wa jika biyar na kuɗin mai bayan taro, yau ni ke lissafa su da dare ina liƙewa, kuma in ban bayar ba tsofaffin abokan aikina ba za su fitar da labarin ba.

Maigidana ya ce tunanina ne ya yi yawa, kowa haka yake yi, in ci tuwona in yi shiru. Yayata kuma ta ce in ajiye makirufon tun mutuncina bai zube ba. Ita ba ta san cewa ranar da na bar shirin, biyu cikin huɗun nan za su kama gabansu ba, ga haya ga harajin patanti.

Hajiya, in na riƙa faɗa a iska cewa wane mutumina ne kafin in sa waƙarsa, hakan ya wanke ni, ko yaudarar kaina ce? In kuwa barin ne, in bari gaba ɗaya ko in nemi wani ya riƙe shirin? Kuma kuɗin man nan, akwai hanyar daina shi ba tare da an juya mini baya ba?

Waƙar yaron tana cikin jakata. Na saurara, ta fi ta mutanena biyu daɗi.

Ƙanwarki,
daga Bukoki, Yamai.