Amsa ga ɗana matuƙi: ku kafa ƙungiyar, amma ku san kuɗinta tun yanzu

Assalamu alaikum, ɗana Kyaftin.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aikinka. A taron 'yan'uwa da aka yi a Bur Sudan ka miƙe gaban jama'a ka ce: "Baffa, mu matuƙan jiragen sama muna shawarar kafa ƙungiyar ƙwadago tamu ta kanmu. Wasu sun ce ita ce garkuwarmu, wasu sun ce ita za ta raba mu da aiki. Kai da ka tsufa a wannan sana'a, me ka gani?" Tun da a bainar jama'a ka yi tambayar, a bainar jama'a zan ba da amsa, domin akwai samarinmu daga Maiurno da Gadarif da Kassala da ke harin wannan aiki, su ma maganar ta shafe su.

Ra'ayina shi ne ku kafa. Sai dai dalilina ba shi ne wanda na ji yawancinku kuna ambata ba. Ku albashi ne a bakinku, kuma ban ga laifinku ba, duk wanda ake biya da fam ɗin Sudan ya san yadda kuɗin ke narkewa kafin wata ya raba. Amma ni abin da ya fi damuna shi ne kalmar "a'a". Matuƙi ya duba jirgi, ya ga abin da bai gamsu da shi ba, ko ya san bai samu barcin da zai ishe shi ba, ya ce ba zai tashi ba. A takarda doka tana bayansa, domin kyaftin ne ke da magana ta ƙarshe a kan jirginsa. A zahiri kuwa, washegari sai ya ga sunansa ya ɓace daga jadawali, ƙarin girman da yake jira ya tsaya, ba wanda ya ce masa uffan. Na ga an yi wa mutanen kirki haka a zamanina, na kuma ga yadda na bayansu suka koyi yin shiru. Wannan shirun ne ke kashe fasinja.

Saboda wannan ne ma aka kafa ƙungiyar matuƙa a Amurka. A 1931 wasu matuƙa a Amurka suka haɗu a ɓoye a birnin Shikago, ƙarƙashin jagorancin David Behncke, suka kafa ƙungiyar matuƙan jiragen sama mai suna ALPA. Babban kukansu shi ne kamfanoni na tura su tashi cikin mummunan yanayi, wanda ya ƙi a sallame shi. Zuwa 1934 sun samu an ƙayyade awannin tashi zuwa 85 a wata. A 1948 kuma aka kafa IFALPA, wadda ta haɗa ƙungiyoyin matuƙa na ƙasashe, kuma har yau ana sauraronta a hukumar sufurin jiragen sama ta duniya. Ranar da, Allah ya kiyaye, wani naku ya gamu da matsala a filin jirgin wata ƙasa, aka tsare shi ana masa tambayoyi da harshen da ba nasa ba, a nan za ku san darajar samun inuwa irin wannan. Mutum ɗaya ba ya shiga cikinta, ƙungiya ce ke shiga.

Ka ƙara da halin da muke ciki. Tun 2010 Tarayyar Turai ta haramta wa duk kamfanonin jiragen Sudan shiga sararin samaniyarta. Takunkumin Amurka daga 1997 zuwa 2017 ya sa samun kayan gyara ya zama wahala. Sai ga yaƙi a ranar 15 ga Afrilun 2023, filin jirgin Hartum ya zama fagen daga, aka ƙone jirage a tsaye, nauyi ya koma kan Bur Sudan, ita ma a Mayun 2025 jirage marasa matuƙa suka kai mata hari. A irin wannan yanayi matsin lamba a kan matuƙi ninki ne: jirage kaɗan, fasinja da yawa, marasa lafiya na jiran a kai su Alƙahira, masu Umra na jiran Jidda. Kowa yana da hujjar da zai ce maka ka daure ka tashi. Dole a samu wanda aikinsa shi ne ya tsaya bayanka idan ka ce ba ka tashi.

Yanzu ga abin da za ku biya, kuma ba zan rage maka komai ba.

Kuɗin wata-wata shi ne mafi sauƙi, don haka ba zan daɗe a kansa ba. Ku dai sa shi daidai da albashin kowa, kada mataimakin matuƙi da ya fito daga makaranta da bashi a wuya ya biya daidai da kyaftin. Abin da ya fi wannan tsada shi ne waɗanda za su fara sa hannu. Duniyar jiragen sama a ƙasar nan ƙarama ce, masu kamfanoni sun san juna, sunan da aka shafa wa baƙin fenti a nan ba zai samu aiki a can ba. Duk wanda zai shige gaba ya fara shawara da maiɗakinsa.

Sannan yajin aiki. Na lura idanun samarinku na ƙyalli idan an ambace shi. Ku karanta abin da ya faru a Ostareliya a 1989. Matuƙa sun nemi ƙarin kusan kashi 30 cikin ɗari, rikici ya yi zafi, fiye da 1,600 suka ajiye aiki a tare suna zaton ba a iya yi sai da su. Gwamnati ta fito da jiragen soja, kamfanoni suka ɗauko matuƙa daga waje, da yawa daga cikinsu ba su sake komawa kujerunsu ba. Ko nan kusa, a Nuwamban 2022 matuƙan Kenya Airways sun yi yaji, cikin kwana huɗu kotu ta umarce su su koma aiki. Waɗannan ƙungiyoyi ne tsofaffi masu kuɗi da lauyoyi. Ku kuwa, a yau da jirgi ya zama hanyar tsira ga dubban mutane, idan kuka tsayar da shi don albashi, jama'ar da kuke buƙata a bayanku su ne za su fara juya muku baya, kuma ba zan ce sun yi kuskure ba.

Amma babban haɗarin namu ne na gida, kuma a nan nake so ka tsaya ka natsu. Sudan ba baƙuwa ba ce a harkar ƙwadago. Ma'aikatan jirgin ƙasa na Atbara ne suka tilasta wa Turawan mulkin mallaka amincewa da ƙungiyarsu bayan yajin 1947, aka yi dokar ƙungiyoyi a 1948, tarayyar ma'aikata ta tsaya da ƙafarta a 1950. Ƙungiyoyin ma'aikata da na masu sana'o'i suna sahun gaba a boren jama'a na Oktoban 1964, da na Afrilun 1985, da juyin 2019. Abin alfahari ne. Sai dai ka duba ɗaya fuskar. Shugaban mulkin soja Janar Abbud ya dakatar da su a 1958. Shugaba Numairi ya rataye Shafi'u Ahmad Shaikh, jagoran tarayyar ma'aikata, a 1971. Bashir ya rushe su ranar da ya hau mulki a 1989, daga baya aka gina wasu masu yi wa gwamnati amshin shata. Gwamnatin riƙon ƙwarya ta rushe waɗannan a ƙarshen 2019, sannan a Nuwamban 2022 aka sake daskarar da ayyukan ƙungiyoyi. Duk gwamnatin da ta zo sai ta share ƙungiyoyin da ta tarar, domin kowace ana kallonta a matsayin reshen wata jam'iyya. Idan taku ta ɗauki launin wani ɓangare, shekarunta ba za su wuce na ɓangaren ba, kuma kafin nan za ta raba ku biyu a cikin ɗakin tuƙi, wurin da mutum biyu dole su yarda da juna. Kada ku karɓi ofis ko mota ko kuɗi daga kowace jam'iyya ko wani mai kamfani. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Akwai kuma tarkon doka. Tsarin dokar ƙungiyoyin ƙwadago ta 2010 ya ginu ne a kan ƙungiya ɗaya ga duk ma'aikatan ma'aikata ɗaya, wato matuƙi da akawu da direba a tukunya guda. Ban raina aikin kowa ba, amma maganar awannin hutu da gwajin likita da lasisi za ta nutse a irin wannan taro, don matuƙa ne mafi ƙaranci. Abin da ke hannunku shi ne Sudan ta amince da yarjejeniya ta 87 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a 2021, wadda ta ba ma'aikata 'yancin kafa ƙungiyar da suka zaɓa ba tare da neman izini ba. Ku nemi lauyan ƙwadago ya zauna da ku a kan wannan kafin ku rubuta ko layi ɗaya na tsarin mulkinku.

Da ni ne ku, da ƙananan abubuwa zan fara, waɗanda mai kamfani mai hankali ba zai ƙi ba. A rubuta ƙa'idar hutu a kuma bi ta. Rahoton da matuƙi ya kai da kansa kan kuskurensa ko gajiyarsa kada ya zama sandar dukansa, haka ma bayanan da na'urar jirgi ke naɗa. Jerin girma ya fito fili, kowa ya san layinsa, domin ɗan talaka daga Maiurno da ba shi da kowa a sama shi ne ya fi kowa buƙatar wannan. A buɗe asusu don wanda likita ya ƙwace wa lasisi, tun da sana'armu gwaji ɗaya ke iya ƙare ta. Maganar albashi za ta zo, kuma za a fi sauraronku a lokacin.

Ku jawo injiniyoyi kusa tun farko, ko da ba a ƙungiya ɗaya ba. A Najeriya ma tare suke da matuƙa. Idan kun sa ranar zama na farko ka aiko mini, zan zo da tsofaffin abokan aikina da ke nan kusa, mu zauna a baya mu saurara.

Ka gaida mahaifiyarka da yara.

Wassalam,
Baffanka