Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da ya sayar mana da gidaje a hanyar Dadin Kowa

Ranka ya daɗe, Shugaban Kamfani,

Assalamu alaikum. Ni ne mai gida na huɗu a layi na biyu, cikin rukunin gidajen da kuka gina a gabashin garin Gombe. Sau uku ina zuwa ofishinku, kowane zuwa sai a ce oga ya tafi Abuja, shi ya sa na kawo maganar fili. Ban ambaci sunanku ba domin har yanzu gyara nake nema, ba tonon silili ba. Kun dai san kanku.

Shekara talatin da biyar na yi ina riƙe da alli a aji. Kuɗin sallamata na haɗa da na gonar gado na ba ku, kuka ba ni mabuɗi da takarda mai sheƙi. Damina biyu kacal gidan ya gani. A ta biyun, wani daren Agusta, ruwa ya shigo ta ƙofar gida, ya kuma ɓullo ta ƙarƙashin tayil kamar rijiya muka haƙa a falo. Kafin asuba katangar baya ta kwanta, sokawe ya rufta, bangon ɗakin uwargida ya tsage tun daga linta har ƙasa, tsagar da nake zura hannu a ciki. Jikokina a kan teburin cin abinci suka ƙarasa kwana.

Da wakilinku ya zo bayan mako biyu, ko takalmi bai yarda ya jiƙa ba. Ya tsaya a bakin titi ya ce, "Baba, sai haƙuri, ruwa daga Allah ne, ko Maiduguri ma an yi." Wannan maganar ce ta sa na ɗauki biro.

Abin da ya sami Maiduguri a Satumban 2024 madatsar Alau ce ta ɓalle. Mu ba abin da ya ɓalle mana. Dam ɗin Dadin Kowa yana can ƙasa da mu, ruwansa ba ya hawowa tudu. Ruwan sama ne irin wanda Gombe ta saba gani duk Agusta. Kuma duk wanda ya tashi a garin nan ya san a kwari yake: abin da ya sauka a tudun Akko da Tumfure gabas yake gangarowa, yana yanka ƙasa yana tafe. Mun ga ambaliyar Agustan 2004 da idonmu, mun yi jana'izar mutane. Kwazazzaban da suka ci gidaje a kusa da jami'ar jiha da kwalejin ilimi ta tarayya (FCE), sai da aka sa kuɗin Bankin Duniya kafin a tare su. Wanda zai gina gidaje da dama a hanyar ruwan nan ba zai ce bai sani ba.

Ga wani abin kunya. Tsallaken titinmu akwai gidan wani dattijo, ginin ƙasa ne, ya girmi wasu ma'aikatanku. Yana nan tsaye, domin mai shi ya ɗaga dakalinsa, ya kuma bar wa ruwa hanyarsa.

Na kira wani tsohon birkila ya duba mini. Ya ɗauki ɓaraguzan katanga ya murtsuke bulo da tafin hannu, ya zama gari kamar tsakin masara. Ya ce inda ake tsoron Allah buhun siminti ɗaya bulo talatin da 'yan kai yake yi, wannan kuwa an ja shi ya kusa ninka haka. A jihar da ake yin siminti a Ashaka! Ya tona gindin bango, fandisho bai kai gwiwa ba, kuma a kan laka aka ɗora shi, irin baƙar ƙasar nan da ke kumbura da damina ta dare da rani. Ba a kwashe ta an yi ciko da jar ƙasa ba. Rodin filar kusurwa siriri ne kamar na tagar kanti, alhali a takardarku kun rubuta mai milimita 12. Daɓen gida kuwa ya fi titi ƙasa da kusan taki guda, wato mu ne kwatar unguwa. Magudanar da kuka zana a taswira ta tsaya iya bakin ƙofar shiga, inda masu zuwa saye suke ɗaukar hoto.

Fenti dai kun yi mai kyau, wannan ban ƙi ba.

Tun da wakilinku ya kawo zancen Allah, bari in tuna masa hadisin da ke cikin Sahihu Muslim. Manzon Allah (SAW) ya cusa hannu cikin tarin hatsin wani mai sayarwa, ya ji danshi a ƙasa. Mai hatsin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Aka ce masa me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Shi ma da ruwan sama ya fake, ranka ya daɗe. Ƙaddara na yarda da ita, amma ba ita ta auna simintin ba.

Abin da muke nema, ni da maƙwabta goma sha ɗaya da muka zauna a masallacin layi: ku kawo injiniya mai rajista da COREN, hukumar kula da aikin injiniya ta ƙasa, wanda mu ma muka amince da shi, ya duba gidajen ɗaya bayan ɗaya, a ba kowa rahotonsa a rubuce. Ku ƙarasa magudanar har ta haɗu da babban kwalbati kafin ruwan farko. Inda fandisho ne ya gaza, a tona a gyara daga tushe, kada a sake turo yaro da bokitin filasta ya shafe tsaga kamar yadda aka yi wa gida na tara, wanda ya sake buɗewa cikin wata guda. Kuɗin katanga da sokawe da na kashe, rasit yana hannuna.

Mun ba ku kwana talatin daga yau. In shiru ta ci gaba, za mu kai takardunmu hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya da hukumar tsara birane ta jiha, sannan lauya ya ɗora daga nan. Na ji kuna tallar kashi na biyu na rukunin a rediyo. Duk wanda ya zo ganin gida ya biyo ta ƙofata, zan shigar da shi ɗakin uwargida ya zura hannunsa.

Wassalam,
Mai gida na huɗu, layi na biyu, Gombe.