Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da ke kawo fentin ruwa Maradi: palafon mutane na ɓarewa

Zuwa ga Mai girma Darakta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu masu sana'ar fenti ne a garin Maradi, kuma da kayanku ake yin yawancin ayyukan da ake kiranmu. Ƙorafinmu a kan fentin ruwan nan ne na manyan bokitai, wanda dillalanku ke cewa ya dace da kowane bango da kowane palafon. A unguwannin Zariya da Ali Ɗan Sofo da Bagalam, palafon da aka shafa da rani yakan fara kumbura da zarar damina ta kankama, kafin ƙarshen Agusta ya soma zubo wa mutane a kan gado da cikin kwanon abinci. Mai gida bai san inda kamfani yake ba, sai ya kama mai fenti ya hana shi cikon kuɗinsa.

Ba cewa muke fentin ba shi da kyau ba. Rabin aiki kuke sayarwa. Ba ku kawo fentin share fage da ake fara shafawa a ƙasa, bokitin ba ya ɗauke da bayanin yadda ake shirya wuri, ɗan abin da aka rubuta ma da ƙananan haruffa ne cikin harshen da yawancin masu saye ba su karantawa.

Babban abin da ke ɓare fenti a palafon shi ne danshi daga sama. A gidan kwano, ruwa na bi ta ramin ƙusa ko inda tsatsa ta ci, ya ɗiga kan katakon palafon, katakon ya kumbura ya ture fentin. A gidan dal, wato mai rufin siminti, indararo ne ke toshewa da yashi da leda, ruwa ya kwanta a sama, ya ratsa siminti a hankali. Bayan ruwan da aka sha a daminar 2024, dal da yawa a garin nan sun daɗe riƙe da danshi ko da samansu ya bushe. Akwai gwaji mai sauƙi da ya kamata kowane mai saye ya sani: a yanki leda mai faɗin santimita 45 kowane gefe, a manna ta a palafon da salatif, a rufe gefunanta ruf, a bar ta kwana ɗaya. In an cire an ga raɓa a cikinta ko wurin ya yi duhu, ba a shafa komai sai an toshe yoyon an bar wurin ya bushe. Layi biyu kacal wannan bayani zai ci a jikin bokiti, amma babu.

Sabon siminti kuma yana buƙatar aƙalla kwana 28 kafin fenti ya hau shi. Kafin nan ruwa bai gama fita ba, kaifin simintin kuma na cin fentin daga ciki, musamman fentin mai. Idan mai gida na gaggawar tarewar amarya, dillalinku ya ce masa ba komai a shafa, maganar wa zai ɗauka, tamu ko ta mai kaya?

Sai tsohuwar farar ƙasa da fom, wato fentin ruwa mai arha, da aka daɗe ana maimaitawa duk sallah. A shafa tafin hannu a palafon, in ya fito fari fat, to garin nan ne sabon fenti zai kama, ba simintin ba. Kamar manna takarda ne a kan garin tuwo. Sabon fentin na bushewa yana jan jiki, sai ya ɗago tsohon gaba ɗaya, falle-falle. Haka yake idan aka ɗora fentin ruwa kan tsohon fentin mai mai sheƙi ba tare da an goge sheƙin ba, ko a kicin inda hayaƙin itace da maiƙo suka lulluɓe sama.

Abin da ya fi ɓata mana rai shi ne batun ruwa. Shafin farko bai kamata a ƙara masa ruwa fiye da kashi 10 zuwa 20 cikin 100 ba, na ƙarshe kashi 5 zuwa 10. A shagunan da ke sayar da kayanku, ana gaya wa mutane bokiti ɗaya zai zama biyu. Fentin da aka tsinka haka ya rasa ƙaron da ke riƙe shi, zai yi fari a ranar farko, bayan wata kaɗan ya koma gari. Lita ɗaya ta fenti mai kyau tana rufe wajen murabba'in mita 8 zuwa 12 a shafi ɗaya. Palafon ɗaki mai mita 4 da 4 zai ci kimanin lita 2 na share fage da lita 3 zuwa 4 na shafi biyu. Wanda ya ce ƙasa da haka zai isa, ruwa yake sayar wa mutane. Ga kuma bokitan da ke jibge a bakin shago cikin ranar Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, babu ranar da aka yi su balle ranar lalacewa. Muna buɗe wasu mu tarar sun yi gudaji suna wari.

Gyaran palafon da ya riga ya ɓare ba shafe shi ake yi a wuce ba. Ana fara gyara rufi. Sannan a kankare duk inda fentin ya saki har a kai inda ya kama gam. Don tabbatarwa, a tsaga alamar gicciye da reza, a manna salatif a fizge, in ya taho da fenti a ci gaba da kankara. Inda baƙin fumfuna ya fito, a wanke da javel kashi 1 cikin ruwa kashi 3, taga a buɗe, kuma kada a haɗa javel da wani sinadarin wanki. Maiƙon kicin a wanke da omo a ɗauraye. A cike ramuka da anduwi, wato kwaɓin da ake daidaita bango da shi, siriri-siriri, kada shafi ɗaya ya wuce milimita 2 zuwa 3, domin mai kauri tsagewa yake yi. In ya bushe a goge da takardar guga mai lamba 120 zuwa 180, a share ƙurar da jiƙaƙƙen tsumma. Da hunturu wannan sharar tilas ce a yi ta ranar da za a shafa, don ƙurar dare ɗaya ta isa ta hana fenti kamawa. Daga nan share fage shafi ɗaya, sai fenti shafi biyu marasa kauri, a bar aƙalla awa 4 tsakaninsu, da damina ma fiye. Tsohon fentin mai kuwa a jiƙa shi kafin a goge, a rufe hanci, a fitar da yara daga ɗakin, saboda wasu tsofaffin fentin mai na ɗauke da dalma, ƙurarta kuma na cutar da ƙwaƙwalwar yaro.

Yallaɓai, buƙatarmu ba ta fi ƙarfinku ba. Ku kawo fentin share fage na siminti da na katako a ƙananan gwangwanaye da talaka zai iya saye. Ku buga bayanin shiri da ma'aunin ruwa da Hausa da Faransanci, da manyan haruffa da zane. Ku sa ranar yi da ranar lalacewa, ku faɗi ko akwai dalma a fentin manku ko babu. Ku ja kunnen dillalanku kan ajiye kaya a rana da kuma maganar bokiti ɗaya ya zama biyu. Muna kuma roƙon ku turo wakili ya zo ya ga palafon da suka ɓare da idonsa, ya ɗauki samfurin bokitan da suka lalace, a maye wa masu su gurbinsu kafin ruwan watan Yuni ya sauka.

Muna jiran amsarku a rubuce.

Wassalam,
Masu sana'ar fenti da gyaran gini, Maradi