Zuwa ga yayar mijina, kan tambayarki ta ranar suna

Yaya, ina gaisuwa. Ranar sunan nan kin tambaye ni a gaban mata, da ƙarfi har na zaure suka ji, wai wace irin cuta ce mutum yana ƙiba yana cewa damuwa, ko dai son jiki ne da ƙarancin tawakkali? Na yi shiru saboda girmanki, amma tunda a bainar jama'a kika yi, nan zan amsa miki.

Son jiki ba zan tsaya kansa ba, kowa ya san ni da surfe da roron gyaɗa kafin in kwanta, ke ma shaida ce.

Maganar tawakkalin ce ta ƙona min rai wallahi. Ciwona sunansa lupus, a asibitin Malam Aminu Kano aka gano shi bayan na gaji da shan jiƙe-jiƙe ana cewa sammu ne. Garkuwar jikina ce ta juyo tana yaƙar gaɓoɓina da fatata, har ƙoda tana iya taɓawa, shiyasa duk zuwa sai an gwada fitsari. Cikin masu shi 10 wajen 9 mata ne. Lafawa yake ya sake tashi, kuma rana na tayar da shi, mu da shanya da ɗiban ruwa duk a rana muke yi. Kumatun da kika gani prednisolone ne ya cika su, shi kansa maganin yana hana barci yana dagula zuciya. Sai in kwana ido biyu ina tunanin wa zai riƙe min yara in ƙodar ta tsaya, ina lissafin kuɗin mota daga Ringim da na ɗaya maganin da nake sha, hydroxychloroquine, asuba ta yi yatsuna sun sanƙare ko buta da ƙyar nake ɗagawa, a haka nake alwala in yi sallata. Likita ya ce ciwon damuwa yana yawan bin masu irin cutar nan kuma yana da magani, na karɓa ina sha, ina addu'a.

Na san tun bara kike zuga ƙaninki ya ƙara aure, ban hana ba, amma dan Allah ki daina kafa hujja da imanina. Irin maganar nan ce ke sa matan ƙauyenmu ɓoye ciwo, mace tana kuka a ɗaki in an tambaya ta ce zazzaɓi ne. Bayan kin tashi ranar, mata 2 sun ja ni gefe suna tambaya a ina ake ganin likitan, kuma dukkansu sun roƙe ni kar dangin mazansu su ji.