Rahoton Ayyukan Shekara: Gwaje-gwajen Gona, Lafiyar Dabbobi da Maganar Kuɗin Wata

Shugaba, iyayen ƙungiya, 'yan kwamiti, 'yan uwa mambobi maza da mata, assalamu alaikum.

Tarukan wata-wata sun gudana yadda aka saba, kuma bayanansu na cikin littafin taro ga mai son dubawa.

Zan fara da maganar kuɗi, domin duk abin da za ku ji a ƙasa a kanta ya rataya. Waɗanda suka biya kuɗin wata cikakke bana ba su kai rabin sunayen da ke rajista ba. Akwai waɗanda suka biya na farkon shekara suka ɗauke ƙafa, akwai kuma waɗanda rabonsu da biya tun bara, amma duk ranar da aka ce za a raba iri su ne a sahun gaba. An tura saƙo, an buga waya, an bi wasu har gida. Amsar ba ta canzawa: "Sakatare, a yi haƙuri, sai an sayar da amfani." An sayar da amfanin, shiru. Ina so a tuna cewa ni da ma'aji ba albashi muke karɓa ba, gonakinmu muke bari mu yi wannan zirga-zirga. Don haka duk wanda zai tambaya me ya sa aiki kaza bai kammalu ba, ya fara duba ko sunansa na cikin masu bashi.

Abin da ya fi faranta mana rai bana shi ne ranar buɗe buhuna, kuma zan ɗan tsaya a kansa domin waɗanda ba su zo ba su san abin da ya wuce su. Kun tuna bayan kaka mun ɗebi wake daga tuli ɗaya, busasshe, muka raba shi gida uku. Kashi ɗaya muka zuba a buhun da kowa ya saba da shi. Kashi na biyu muka sa masa maganin ƙwari kamar yadda wasunmu ke yi. Na ukun muka zuba a buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, aka matse iska, aka ɗaure kowace leda daban. An ɗaure su a gaban jama'a, dattawa suka sa wa kowane buhu alama, aka kulle ɗakin, aka damƙa makulli a hannun wanda ya fi kowa musun cewa abin zai yi aiki. Da gangan muka zaɓe shi.

Da damina ta matso muka kira taro aka buɗe. Jama'ar da ta zo ta wuce tsammaninmu, har da waɗanda ba mambobi ba, kuma mata sun fi maza yawa. Buhu na farko tun kafin a kwance shi ana jin ɗuminsa a hannu. Da aka juye shi a tabarma, ƙwaro ya watsu, waken duk huda, gari na zuba. Na biyu bai lalace sosai ba, amma warin maganin ya sa mutane ja da baya. Da aka zo na uku, mai riƙe da makullin da kansa ya kwance, ya zura hannu har gwiwar hannu, ya damƙo daga ƙasa don kada a ce na sama ne kawai mai kyau. Wake fes, kamar ranar da aka zuba shi. Ya daɗe yana jujjuya shi a tafin hannu, sannan ya nemi a rubuta sunansa cikin masu son buhun. Wurin ya kaure da dariya da tafi.

Malamin gona da ya amsa gayyatarmu ya yi bayanin da kowa ya gane. Babu magani ko kaɗan a cikin buhun. Ƙwaron da ke cikin waken shi da kansa yake shaƙe 'yar iskar da ta rage, tunda sabuwa ba ta shiga. Idan ta ƙare sai ya daina ci, ya daina haihuwa, ya bushe ya mutu. Ya ce masana na Jami'ar Purdue ta Amurka ne suka fito da dabarar tare da abokan aikinsu na Kamaru, kuma daga 2007 aka fara yaɗa ta sosai a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. Sharuɗɗanta kaɗan ne: hatsi ya bushe sosai, leda kada ta huje, a nisanta buhu da ɓera, kuma a daina buɗewa kullum ana leƙawa. Wata uwa daga cikin mambobinmu ta ɗebi waken ta shuka a kasko don ta ga ko zai tsiro, ta kawo mana a taro na gaba ya fito. Wannan gwajin nata ba ya cikin tsarinmu, ita ta ga dacewarsa, kuma mun shigar da shi littafi. Godiya ta musamman ga ɓangaren mata da matasan da suka share fili suka ɗauko tabarmi. Kusan babu abin da aka taɓa daga asusu a ranar, shi ya sa ma ta yiwu.

Sai ayyukan da ba su kai ba.

Rigakafin awaki da tumaki ya tsaya a rabi, kuma na san ana ta magana a kai. Cutar da muka so tarewa ita ce wadda likitocin dabbobi ke kira PPR, mai zuwa da zazzaɓi, majina, gyambon baki da zawo, wadda idan ta faɗa garken da ba a taɓa yi wa allura ba tana iya kashe fiye da rabinsa. An fara gano ta a Kwaddebuwa a 1942, kuma hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumar lafiyar dabbobi ta duniya sun sa 2030 a matsayin shekarar da suke son ganin bayanta, kamar yadda aka ga bayan cutar bushiya ta shanu a 2011. Allura ɗaya tana kare dabba shekaru. To amma maganin a cikin sanyi yake zama, kwalba ɗaya ta dabbobi da yawa ce, kuma da zarar an haɗa ta dole a ƙarar cikin 'yan sa'o'i, abin da ya rage zubarwa ake yi. Wannan ne dalilin da ya sa muka ce a tara dabbobi wuri ɗaya a rana ɗaya. Likita ya zo da akwatin ƙanƙararsa ya zauna. Wasu suka kawo, wasu suka aiko yaro ya ce a biyo su gida. Ba za a iya yawo da haɗaɗɗen magani a rana gida-gida ba. Zagaye na biyu kuwa babu kuɗin da za a ɗauko likitan. Ku sani, akuyar da aka yi wa allura ta tsira, amma 'ya'yan da za a haifa nan gaba suna cikin haɗari muddin garken maƙwabci na ɗauke da cutar.

Gwajin Aflasafe ma bai yiwu ba, kuma ba sakacin kwamiti ba ne. Wannan abu da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar tare da abokan aikinta ƙwayar dawa ce da aka lulluɓe da irin fumfunar da ba ta fitar da guba, domin ta riga mai gubar kama wuri a gonar masara ko gyaɗa. Ana watsa kilo 10 a hekta, mako 2 zuwa 3 kafin shuka ta yi fure. Lokacin nan shi ne komai. Kuɗin da aka yi alkawari sun shigo bayan masara ta riga ta fitar da kai, kuma da mu saya mu watsa a banza gara mu ajiye kuɗin. Suna nan a asusu, ma'aji zai nuna.

Gonar gwajin wuta-wuta tana nan, sai dai sakamakon bana ba abin dogaro ba ne. Tsarin shi ne a raba fili: wani ɓangare dawa zalla, wani a juya shi da waken soya ko wake, wani a ƙara masa takin gargajiya, sannan a ƙirga wuta-wutar da ta fito a kowanne. Hikimar juyawar ita ce saiwar waken soya tana yaudarar irin wuta-wuta ya tsiro, ya rasa inda zai kama, ya mutu. Amma tsiro ɗaya na zubar da iri dubbai, kuma irin na iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara 10 yana jira, saboda haka wanda ya ce mu bar gwajin tunda damina ɗaya ba ta nuna bambanci ba, bai fahimci abin da muke yi ba. Babbar matsalar ita ce ƙirgar. An raba wa mutane makonnin da za su je su ƙirga su rubuta. Littafin ya dawo da shafuka fayau a daidai lokacin da ciyawar ke fure. Wani kuma, da kyakkyawar niyya, ya shiga ɓangaren da muka bari don kwatance ya tuge ta kaf. Idan babu ɓangaren da aka bari yadda yake, da me za a auna sauran? Malamin da ke taimaka mana da lissafi ya duba littafin ya ce ba zai iya fitar da komai daga ciki ba.

Gwajin ƙasa: an ɗebi samfur daga gonaki, yana nan a ɗaure, kuɗin ɗakin bincike ne babu. Renon tsiron itatuwa a cikin gona, irin wanda ya farfaɗo da filaye masu yawa a yankin Maraɗi tun daga shekarun 1980, mutum kaɗan ne suka gwada, kuma sun cancanci yabo, musamman waɗanda suka bar gawo, tunda shi da damina yake zubar da ganye bai tare wa shuka rana. Batun tsutsar masara da ta bayyana a Afirka a 2016, da lokacin da ya kamata a jira bayan an yi wa saniya allura kafin a sha nononta, an tattauna su a taro, ba a yi wani aiki a kai ba.

Ina da ƙorafi ɗaya da ba zan ɓoye ba. Mutanen da ke zuwa aikin gayya su ne dai masu biyan kuɗi, su ne masu ƙirga, su ne masu share fili, kuma sun fara gajiya. Akwai waɗanda ba mu ganinsu sai a zauren WhatsApp, suna turo hotunan gonakin wasu ƙasashe suna tambayar yaushe namu zai zama haka. An ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda yake ganin ba zai iya ci gaba ba, ya faɗa a cire sunansa, babu rigima, mu san adadinmu na gaskiya mu yi tsari daidai da shi.

Kwamiti ya yanke cewa a taro mai zuwa za a karanta sunayen masu bashi a bainar jama'a, sai wanda ya biya ko ya zo ya yi bayanin uzurinsa kafin ranar. Rabon buhunan PICS da na iri zai bi jerin waɗanda suka biya. Za a sayi Aflasafe tun kafin shuka, a sake raba makonnin ƙirga ga waɗanda suka ɗaga hannu da kansu, kuma ba za a kira likitan dabbobi ba sai an rubuta adadin awaki da tumakin da za a kawo. Bayanin shiga da fitar kuɗi yana wurin ma'aji, kuma ana neman mutum biyu daga wajen kwamiti da za su binciki littafin kafin zaɓe.

Na gode.

Sakataren ƙungiya