Wasiƙa zuwa ga kamfanin ginin da ya riƙe mana kuɗin wankin gilashi

Zuwa ga Babban Darakta,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ban so maganar nan ta fito fili ba. Sau uku ina zuwa ofishinku, yau a ce ka yi tafiya Tahoua, gobe a ce kana taro, waya kuma an daina ɗauka. Shi ya sa na rubuta a inda za ka gani. Sunan kamfani na sakaya shi, don ba tozarci ya kawo ni ba.

Ni ne mai yara biyar ɗin da kuka ba wankin gilasan benen da kuka gama a Koira Kano, tagogi 46 da ƙofofin ƙasa huɗu. Mun yi ciniki jikka 180, aka ba mu 60 kafin alƙalami. Sauran 120 kun riƙe, wai mun karce muku gilashi.

Wanki muka yi ciniki a kai: ruwa, sabulu, robar gogewa da tsumma. Da muka isa sai muka tarar da wani abu daban. Siminti ya bushe a jikin tagogi dunƙule-dunƙule, ga fenti, ga silikon, ga gam ɗin salatif da ranar Afrilu ta dafa har ya zama kamar ƙaro. Ledar da ya kamata ta kare gilashin, masu yaɓe sun yage ta tun kafin su fara. Nan take na ce wa shugaban shantiyenku, wato mai kula da wurin ginin, wannan kankara ce, aiki ne mai haɗari, ya zo mu zaga tare mu rubuta tabon da ke kowace taga, ya sa hannu kafin mu taɓa. Dariya ya yi. Ya ce, “Kai malam, wankin taga ma sai da takarda? Sa reza ka kankare, jibi mai gida zai karɓi makulli.” A gaban mai gadi da mai fenti ya faɗa.

Ba tsoro ya sa na nemi takarda ba. Ƙofofin nan na ƙasa gasasshen gilashi ne, wanda ake kaiwa tanderu zafi ya wuce digiri 600, sannan a huce shi da iska farat ɗaya. Ya fi na gama-gari ƙarfi kusan sau huɗu, amma wajen fashewa ne, ba wajen karce ba. In masana'anta ba ta wanke shi da kyau ba bayan an goge gefensa, ƙurar gilashin kanta takan manne a fuskarsa cikin wutar. Ido ba ya ganinta. Sai reza ta bi ta kai ka ji wani ɗan ƙaras-ƙaras, ta ɓamɓaro ƙwayar ta ja ta, shi ke nan layi ya fito. Ga kuma yashin da ke cikin siminti, wanda ya fi gilashi tauri. Ko ƙurar hunturu ta Yamai ka share da busasshen tsumma, wata rana za ka ga aikinta.

Saboda haka jiƙawa muka yi ta yi, muna ɗaga simintin a hankali da abin kankara na roba. Aikin kwana biyu ya kai mu biyar. Shugaban shantiye ya miƙo mana jarkar asid da ya sayo a Katako don wanke tayil, na ce ba da ni ba, domin yana cin alminiyon da ke riƙe da gilashin, ya bar shi dabbare-dabbare. Ya ji haushi, amma firam ɗinku na nan lafiya.

Inda muka yi kuskure ba zan ɓoye ba. Rana ta huɗu shugaban shantiye ya tsaya a kan wani yarona yana faɗa, ni ina hawa na biyu, yaron ya sa reza a ƙofa biyu. Layukan suna nan, sirara, dogaye, duk sun bi hanya ɗaya daga sama zuwa ƙasa. Namu ne. Da na tsaya kan maganar takarda, ko na kwashe kayana na tafi tun ranar farko, da ba a kai nan ba. Kwaɗayin kada aiki ya kuɓuce ne ya ja mini.

Amma tagogi 11 da aka lissafa a takardar da aka aiko mini, ranka ya daɗe, ka je da kanka ka duba. Kowane tabo da kamarsa. Na gefen matakala baƙaƙen ɗigo ne, ka sa farce ka ji ya maƙale, wasu har sun yi tsatsa. Tartsatsin walda ne da na injin yankan ƙarfe, lokacin da ake haɗa ƙarfen baranda ba a kare taga ba. Ƙarfe mai zafi ya nutse cikin gilashi, babu ruwan da zai fitar da shi. Na bayan gida kuwa farin hazo ne mai bin hanyar ruwa: an yi ta ba yaɓe ruwa yana gangarowa kan taga, ruwan siminti kuma in ya daɗe yana cin fuskar gilashi. Sai waɗansu masu zagaye-zagaye a kusa da firam, inda mai fenti ya wuce da takardar gogewa. Wane mai wankin taga ne yake yawo da injin walda?

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne tsarin aikin naku. An sa gilashi tun ana yaɓe, aka yi walda, aka yi fenti, watanni ba wanda ya ɗauraye shi ko sau ɗaya. Mu ne muka zo ƙarshe, muka cire dattin da ya lulluɓe ɓarnar, sai ta bayyana, sai aka ce mu muka yi. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma mu ba mu ja ba, tarar da shi muka yi.

Ga abin da nake nema. A cire ladan wankin ƙofofin nan biyu, na yafe shi, mu zauna da shugaban shantiye a ga rabon kowa a kuɗin canza su, tunda shi ya ba da umarni. Sauran a biya mu. Yaran nan kullum sai sun fita suke ci, ɗaya matarsa ta haihu, da bashi aka yi suna. Kuma a janye maganar da ake yaɗawa cewa mun lalata gini, domin har wani mai otal ya fasa ba mu aiki a kanta.

Ranar Asabar da ƙarfe 8 na safe zan kasance a bakin ginin. Lokacin rana tana bugun fuskar gabas a karkace, kowane layi yana fitowa. Ka zo da wanda ya sayar muku da gilashin, da mai waldar. In ba a zo ba, Litinin zan kawo wisiye, wato ma'aikacin shari'a mai rubuta shaida, ya rubuta abin da ya gani, hotunan da na ɗauka ranar farko kuma suna cikin wayata.

Wassalam.

Mai wankin gilashi,
Bukoki, Yamai